Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takalman Baba Kofur

Makon jiya na tsaya a kan komawarmu birnin Liyon na Faransa da aikin da na samu a ma'ajiyar kaya. Shekarun da suka biyo baya babu abin faɗi a cikinsu, aiki ne da haihuwa da biyan haya. Bari in tsallaka zuwa watan Agustan da muka ɗauki tanti muka nufi kudu.

Duk wanda ya tashi a gidanmu na Birni ya san maganar Baba Kofur, tsohon soja da ya yi wa Faransa Yaƙin Duniya na Biyu. Da an taɓo zancen Faransa a zaure sai ya gyara zama ya ce: "Ta ruwa muka shiga ƙasar nan da kaya a ka. Da sanyi ya zo, har takalman ƙafarmu suka karɓe." Sai samari su ƙyafta wa juna ido. Kawu na ƙofar yamma ya fi kowa, shi ne mai ce masa Kofur sarkin tatsuniya, a gaban yara, a gaban baƙi. Allah Ya jiƙansu duka. Amma ban manta ba, kuma 'ya'yan Kawu da ke karanta wannan sun san ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Uwar yara ce ta kawo shawarar tanti, don otal a bakin tekun kudu a watan Agusta ba na irinmu ba ne. Wani maƙwabci ya ara mana tantinsa da ƙaramin murhun gas. Muka cusa shinkafa da buta da tabarmar salla da kilishin da Goggo ta aiko, muka bi babbar hanyar da ke raka kogin Ron zuwa teku. Da muka wuce Balans sai ƙasa ta sauya: gonakin inabi jere-jere, itatuwan zaitun, ƙauyuka a kan tuddai, ga rana mai dukan ka kamar ta Damagaram kafin saukar damina. Yara suna ta ƙorafi, ni kuwa jikina ya saki.

Kusa da Firejus muka sauka, a wani filin tantuna cikin itatuwa. Kowane iyali da ɗan filinsa mai lamba, banɗaki da famfo na kowa da kowa. A damanmu mutanen Holan ne, a hagu Jamusawa, masu gaisuwa da fara'a. Da asuba in na fito alwala babu mai motsi sai ni.

Gaɓar Daramon muka fara zuwa, inda sojojin Amurka suka sauka ranar 15 ga Agusta 1944. Babu yashi a wurin, tsakuwa ce zalla, ga jajayen duwatsu sun kewaye ruwa. An ajiye ɗaya daga jiragen ruwan sauke soja don masu ziyara. Yara suka faɗa ruwa, ni na zauna ina tunanin mutumin da ya girma bai san ruwan da ya fi tafki ba, aka ce ya diro cikin wannan da bindiga. Rundunar su Baba ta sauka bayan 'yan kwanaki, ƙarƙashin Janar de Lattre, suka nufi Tulon. Kafin watan ya ƙare an ƙwace Tulon da Marsai daga hannun Jamus. Sojojin Senegal ake kiransu duka, ko daga Damagaram mutum ya fito ko daga Dahome.

A maƙabartar soja ta Buluris, wadda Janar de Gaulle ya buɗe a 1964, mutum 464 ne ke kwance. Kaburburan Musulmi na nan a tsakanin masu gicciye. Na bi layi ina karanta sunaye ina musu addu'a. Babban ɗana ya tambaye ni, "Abba, ka san su ne?" Na ce masa abokan kakansa ne.

To, zancen takalmi. A watannin Oktoba da Nuwamba na 1944, da runduna ta kai gabas wajen Belfor, sai aka cire baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka maye gurbinsu da samarin Faransawa 'yan gwagwarmaya. Kayan yaƙi daga Amurka suke, kuma ba su ishi kowa ba, don haka aka tuɓe wa waɗannan aka sa wa waɗancan. Hujjar da aka bayar sanyi ne. Sanyin akwai shi, ban musa ba, amma ni na yi imani an fi son fararen fuskoki su shiga Jamus da tutar nasara. Aka maido su Baba sansanonin kudu suna jiran jirgin gida. Wannan yana cikin littattafan tarihin Faransawa da kansu. Abin da aka yi shekara da shekaru ana yi wa tsoho dariya a kansa ke nan a zaurenmu.

Har yanzu ina ganinsa ranar karɓar fansho, ya sa jar hularsa, ya tafi da ƙafa ya dawo da ƙafa. A 1959 Faransa ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashenmu, na Bafaranshe yana hawa, nasu yana nan inda yake. Sai a 2011 aka daidaita, lokacin Baba ya daɗe a ƙasa. In ya ƙirga 'yan kuɗin a kan tabarma, Inna ta ce Allah Ya sa albarka, sai ya ce, "Wanda ya karɓe takalmi me zai bari?"

Abin da Kawu ya fi yi masa dariya a kai shi ne jan masallaci. Baba ya ce a ƙasar Nasara ya ga masallaci ja mai zankwaye, irin ginin mutanenmu. Kawu ya ce sanyi ne ya taɓa masa kai. To, yana nan a Firejus, Misiri sunansa, an gina shi tsakanin 1928 da 1930 saboda sojojin Afirka, a kan fasalin babban masallacin Janne na Mali. Na tsaya a gabansa jikina yana rawa. Na ɗauki hoto na tura zauren WhatsApp na dangi a take, na rubuta: ga tatsuniyar Baba Kofur. Goggo ta kira ni tana kuka. Babban ɗan Kawu ya gani, alamar ta nuna ya gani, har yau bai ce uffan ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda aka yi da akwatin ƙarfen Baba da lambobin da ke ciki, da wanda ya kai su kasuwa tun ba a yi sadakar arba'in ba.