Daga Bauchi Zuwa Nafaɗa, Kan Sawun Tsohon Teku

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Gombe, ni da direban kamfaninmu. A bayan mota akwai guduma, kamfas, taswira, ƴar kwalbar asid, buhunan zuba samfur da jarkar ruwa biyu. Watan Afrilu ne, zafi ya kai maƙura, ruwan farko bai sauka ba. An aike ni in duba jifsam, wani ma'adini da ake zubawa a siminti, da ake haƙa a yankin Nafaɗa, in auna kaurinsa da tsabtarsa, in dawo da rahoto.

Wanda ya karanci ilimin duwatsu ba ya iya barci a mota. Tun daga bakin gari idona na kan manyan duwatsun da suka kewaye Bauchi, waɗanda suka haura shekara miliyan 500 a duniya. A cikinsu akwai wani mai duhun kore wanda Farfesa Oyawoye ya yi nazarinsa, har yau kuma sunan Bauchi yake amsawa a littattafan duniya. Muna ɗalibai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a kansa muka fara koyon riƙe guduma.

Bayan mun haye gadar Dindima a kan kogin Gongola, sannu a hankali duwatsun suka ja da baya. Kafin Alkaleri ƙasa ta koma jan yashi, nan da can kuma ka hango farar ƙasa an tara ta tsibi-tsibi a gefen titi tana jiran tifa. Wannan shimfiɗar yashi ita muke kira Kerikeri. Tana shanye ruwan sama ta kai shi can ƙasa, shi ya sa rijiya a waɗannan garuruwa take da zurfin ban tsoro, kuma yara da jarkoki ba sa yankewa a hanya. Direba ya nuna kudu da haɓa, ya ce, "Injiniya, can ne fa Kolmani." Can ne kuwa, inda aka sanar da samun man fetur a 2019, Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022.

A Gombe mai kawai muka sha, muka karya da ƙosai da kunu, muka miƙe arewa ta Malam Sidi zuwa Bajoga.

Daga nesa ake hango masana'antar siminti ta Ashaka, wadda ta fara aiki a 1979. Ba a banza aka kafa ta a nan ba. Kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, teku ne kwance a wannan wuri, ya ratso ta Sahara ya haɗe da na kudu. Bawon halittun da suka rayu a cikinsa ne ya taru, ya danƙare, ya zama dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Na sa direba ya tsaya a bakin wani kwari, na sauka na fasa wani dutse mai launin toka, na ɗiga masa asid. Nan take ya yi kumfa yana tsuwwa, alamar dutsen simintin ne. Ban yi taku goma ba na tsinci abin da nake fata: wata halittar ruwa da ta koma dutse, a nannaɗe kamar dodon koɗi, ta cika tafin hannuna. Direba ya jujjuya ta, ya yi tasbihi, ya roƙi in bar masa ya kai wa ƴaƴansa. Na bar masa. Ba nisa da nan Bormi take, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a hannun Turawa a 1903, kuma duk lokacin da na biyo ta wannan hanya sai jikina ya yi sanyi.

Da azahar muka isa wurin haƙar, bayan mun gaida mai gari an haɗa mu da ɗan rakiya. Fili ne fetal, ba inuwa sai ta ƴan ƙayoyi, ramuka ko'ina kamar saƙar zuma. Kowane rami da mutum ɗaya ko biyu a ciki da diga, wani a sama yana jan guga. Mata da yara suna zaune suna kankare laka daga jikin jifsam, suna zubawa a kwanon sarki. Yana ƙyalli kamar fasasshen gilashi, amma farce ma yana karce shi. Kaɗan ake zuba shi a siminti, bai fi kashi 5 cikin 100 ba, sai dai in babu shi kwaɓi zai sandare kafin magini ya ɗora bulo.

Wani dattijo da ke shugabantar masu haƙar ya tarbe ni. Na shimfiɗa taswirata a kan mota ina masa bayanin inda nake zaton jijiyar jifsam ɗin ta bi a ƙarƙashin ƙasa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, zo ka gani." Ya kai ni wani rami, ya nuna inda laka ta sauya daga ruwan ƙasa zuwa baƙi-baƙi, ya ce daga nan saura kamu kaɗan a tarar da shi, kuma in aka yi gabas sai ya sirance ya ɓace. Na ɗora kamfas na auna karkatar shimfiɗar. Abin da ya faɗa shi na samu. Shekarun da na yi a aji shi ya yi ninkinsu a cikin rami, kuma ban ji nauyin fitar da biro in rubuta maganarsa a littafina ba.

Sai na ɗaura igiya na sauka da kaina. A ƙasa iska ta yi nauyi, zufa ta rufe min ido. Na haska bango da tocila, gabana ya faɗi. Sun bi jijiyar ta gefe sun yi kogo, ba turke ko ɗaya da ya tokare rufin, ga tsaga ta fara buɗewa a saman kan wani yaro da bai wuce shekara 15 ba. Irin wannan laka da rani tauri gare ta kamar dutse, amma da ta sha ruwa sai ta kumbura, ta saki, ta rufto ba sallama.

Na fito na ce, "Baba, wannan kogon kada kowa ya ƙara shiga. Kuma in ruwa ya sauka, a bar ramukan nan sai kaka."

Ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ya ce sun sani, sun taɓa tono mutanensu da hannu. Amma mai saye ba ya tambayar yadda aka fito da kaya, awo kawai yake yi, gero kuma ya ƙare a rumbu tun kafin azumi. Ban sami abin da zan ce masa ba. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa yadda za su riƙa barin ginshiƙi tsakanin kogo da kogo, da yadda za su sassare bakin rami ya kwanta maimakon ya tsaya a miƙe. Ya kira samari uku suka tsuguna suna kallo, ɗaya ya ce ai hakan zai ci musu kwana biyu ba su fitar da komai ba. Gaskiya ya faɗa.

Na cika buhu 12 na samfur, na rubuta wa kowanne lamba da zurfinsa. A masauki a Bajoga na fara rahoton a daren, kuma kafin in kai ga kauri da tsabta sai da na cika shafi guda a kan ramukan, na nemi in har kamfani zai sayi kaya a wurin, ya fara kai katako da hulunan kwano.

Da sassafe muka juyo. Muna wuce Malam Sidi direba ya rage gudu, ya leƙa ta taga yana duban arewa. Hadari ne ya haɗo, baƙi ƙirin, ta wajen Nafaɗa.