Yadda na zaɓi manhajar da ke adana mini kwafin faifan kwamfuta

A daminar bara faifan ajiya na kwamfutar gidana ya fara wani ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana ƙyasta ashanar da ta jiƙe, daga nan allo ya tsaya cak. Washegari na kai ta wurin wani mai gyara a Titin Beirut da ke Kano, wanda ya ciro faifan, ya jona shi da wata kwamfutar, ya kasa kunne na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, Allah ya sa dai kana da kwafi a wani wuri." Ina da kwafi a filash, sai dai rabona da sabunta shi wata takwas ke nan, saboda haka hotunan sunan ɗiyata da takardun aikin da na tara a tsakanin lokacin duk sun salwanta.

Abin da na fara ganewa shi ne, aiki iri biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai manhajar da ke kwafe fayiloli kawai, wato takardu da hotuna, akwai kuma wadda ke ɗaukar faifan sukutum, har da Windows ɗin kansa da duk manhajojin da aka ɗora, ta yadda in faifai ya mutu sai a sa sabo a mayar da komai yadda yake. File History, da ke cikin Windows tun fitowar Windows 8 a 2012, na nau'in farko ne. Kyauta ne, yana ɗaukar kwafi kowace awa muddin faifan waje, wato wanda ake jona wa kwamfuta da waya, yana jone, kuma yana riƙe tsofaffin zubi na kowane fayil, amma ba zai tayar da kwamfutar da ta ƙi tashi ba. Masu Mac ba su da wannan ciwon kai, domin Time Machine, manhajar ɗaukar kwafi ta Mac, na tare da su tun 2007.

Da yawan abokaina sun ce mini ai Google Drive ya wadatar, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. Aikin irin waɗannan manhajoji shi ne daidaita abin da ke kwamfutarka da abin da ke intanet, don haka idan yaro ya goge folda bisa kuskure, can ma za ta goge, ta faɗa kwandon shara inda ake share ta bayan kwana 30. Idan kuma ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa ta shiga, irin WannaCry da ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila a watan Mayun 2017, kullallun fayilolin ne za su hau su maye gurbin masu lafiya. Ga kuma batun wuri: gigabait 15 Google ke bayarwa kyauta, OneDrive na Microsoft kuma 5, alhali abin da ke faifaina ya kai 300. Na yi lissafin cewa ko da intanet ɗina na tura megabit 5 a daƙiƙa ba tsayawa, sai na shafe fiye da kwana biyar kafin su hau, ban da kuɗin data, ban da ɗaukewar wuta. Hakan ya sa na haƙura da Backblaze ma, wani kamfani da ke adana kwafi a intanet, duk da yabon da ake yi masa.

A cikin masu ɗaukar faifai sukutum, Macrium Reflect aka fi ambata mini, amma kamfaninsa ya janye nau'in kyautar, ya kuma daina yi masa gyaran tsaro a farkon 2024. Clonezilla, da aka ƙirƙira a Taiwan, kyauta ce kuma abin dogaro, sai dai dole a kashe kwamfuta a tayar da ita daga filash duk lokacin da za a ɗauki kwafi. Na san halina: aikin da ke jiran sai na tuna da shi, ba zai yiwu ba, kuma wata takwas ɗin nan shaida ne.

Na tsaya a kan Veeam Agent, nau'in kyauta na Windows, saboda abubuwa biyu ƙanana da ba a cika ambatawa ba. Ana iya saita shi ya fara aiki da zarar an jona faifan waje, ya kuma cire faifan da kansa idan ya gama, wanda ke rage damar da ƙwayar cuta za ta samu ta kai gare shi. Kwafin farko ya ɗauki sa'o'i, na baya kuwa abin da ya sauya kaɗai suke ɗauka. Aibinsa, a ganina, shi ne an gina shi ne da ma'aikatan ofis a zuciya, don haka kalmominsa na iya rikita wanda bai saba ba.

Kafin in amince da shi, sai da na gwada mayarwa, domin mai gyaran nan ya ce ya sha ganin kwafin da ya ƙi buɗuwa ranar da aka neme shi. Na haɗa filash ɗin ceto da manhajar ke samarwa, na tayar da kwamfutar da shi, na tabbatar yana ganin faifan waje, sannan na goge wata folda da gangan na dawo da ita.

Saura ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata, wato kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen gida. Takardu masu muhimmanci, da ba su kai gigabait 4 ba, suna Google Drive. Na kuma sayi faifan waje na biyu da nake ajiyewa a gidan yayana, ina musanya shi da na gida duk Juma'ar farko ta wata idan na je gaishe shi.