Littafin tarar shara da na riƙe a layinmu

Daminar 2021 ce ta sa muka zauna. A shekarar cutar amai da gudawa ta bazu a jihohin Arewa, har da Katsina, kuma a layinmu, can wajen Ƙofar Ƙaura, an kwantar da yara biyu 'yan gida ɗaya. Allah ya ba su lafiya, amma hankalin kowa ya tashi. Bayan sallar isha'i mai unguwa ya tsayar da magidanta a ƙofar masallaci, aka ɗauko maganar shara.

Layinmu na da kwalta, da kwata hagu da dama wadda aka rufe da kankare, kuma a kan murfin nan masu tafiya a ƙasa ke bi. Nan kowane gida ke fito da mazubin shararsa ya ajiye: wani rabin duro, wani tsohon bokitin fenti, wani buhun taki. Awaki su ture, iska ta watsa leda, yara masu zuwa Islamiyya su sauka kan titi suna kauce wa babura da keke napep. Ruwa na sauka, duk ta gangara kwata ta toshe.

Aka yanke cewa duk gidan da aka ga mazubinsa a waje bayan ƙarfe 9 na safe zai biya naira 500. Ni aka miƙa wa littafi, don ni malamin makaranta ne. Dattawa suka yi ta tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida har ya leƙa randa, da yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon da aka fara a 1984, wanda ya bar mana tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Na karɓi littafin da zuciya ɗaya. Na yarda mutanenmu ba sa gyara sai sun ji a aljihu.

Cikin mako biyu layi ya yi fes, har masu wucewa suna yabawa. Maiɗakina ce ta fara ce mani in daina murna. Ta ce in shaƙi iskar bayan magariba. Gidaje sun koma ƙona leda da tsumma a tsakar gida, ga maƙwabciyarmu da yaro mai asma. Da na zagaya lungun baya da asuba, na tarar kangon da ke can ya zama juji, kuma ana ɗaga murfin kwata da dare a juye shara a rufe. Mun kawar da ita daga inda ido ke gani, mun tura ta inda ta fi cutarwa.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba sai ranar da na je karɓar tara a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, mai tuyar ƙosai. Na aika yaro ya yi mani sallama, ta fito zaure da kuɗin a ƙulle a bakin zane.

"Gwaggo, sau biyu ke nan ana ganin bokitinki a waje," na ce.

"Na ji, ɗan nan, ga kuɗinku. Amma ka gaya mani, in na shigar da shi ina zan kai? Tsakanin murhuna da bakin zaure taku nawa ne? Almajirin da ke kwashe mani sai an tashe su karatun safe, wajen ƙarfe goma. Wa ya sa maku tara?"

Ƙarfe tara take nufi, kuma ba ni da amsa. Mu maza muka sa lokacin, mu da babu wanda ya taɓa ɗaukar kwandon shara a cikinmu. Mata ke sharar, yara da almajirai ke kwashewa, babu ɗayansu a ƙofar masallaci daren da muka yanke hukunci. Ban karɓi kuɗin ba. Har yau in na tuna ribar ƙosai nawa ce a ƙullin nan, raina na ɓaci.

A kwanakin ne ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya kira, na ba shi labari. Ya ce can ma ƙananan hukumomi na cin tarar wanda ya bar mazubinsa ya tare hanyar masu ƙafa, har fam 80, amma sai an rubuta masa gargaɗi, a sake aiko masa takardar cewa za a ci shi tara, a ba shi damar kare kansa. Abin da ya fi tsaya mani shi ne kowane gida ya san ranar da motar shara ke zuwa. An ba mutum ranar fitarwa kafin a tuhume shi da ƙin shigarwa. Mu kuwa mun bar jaki muna dukan taiki.

Na koma wurin mai unguwa. "Ranka ya daɗe, a dakatar da tarar nan wata guda, mu fara nema wa sharar wurin zuwa." Bai ji daɗi ba, don yana ganin za a ce mun yi amai mun lashe, amma ya amince.

Muka ɗauki samari biyu masu kura, kowane gida na ba da naira 200 a mako. Ranaku da lokaci kuwa, malamar Islamiyyar matan aure muka roƙa ta tambayo ɗalibanta, suka zaɓi Litinin da Alhamis, daga hantsi zuwa ƙarfe 11. Su ne kuma suka ce a ware toka da kashin awaki, tunda manoma na neman su kafin damina, gwangwani da roba a ajiye wa 'yan jari bola. Da aka yi haka, abin da ke fita daga kowane gida ya ragu sosai. Ban taɓa tunanin wannan ba.

Sannan tara ta dawo, amma sai bayan gargaɗi biyu, kuma a zaure ake yin sa, daga ni sai maigida. A da mukan karanta sunaye a ƙofar masallaci, abin da ya sa wasu suka daina gaisawa da ni. Mutum zai biya ɗari biyar ya manta, tozarci ne ba ya mantawa. Gidajen haya muka ɗora wa mai karɓar haya. An yafe wa tsofaffi marasa mataimaki kuɗin mako.

Gwajin gaske ya zo ne a kan wani Alhaji mai babban gida da ya ce ba zai biya ba. Duk layi ya zuba ido, domin in ya tsira babu talakan da zai sake biya, kuma da gaskiyarsu. Mu ba hukuma ba ne, ba mu da ikon kama kowa ko ƙwace kayansa. Liman da mai unguwa suka taka har gidansa sau biyu, ya biya. Tun daga nan, duk ƙarshen wata nakan karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, har kuɗin shebur da manjagara da takalman roba na samarin.

Daminar bara kwatarmu ta gudu ba tare da ta tumbatsa ba. Kangon lungun baya ne har yanzu ya gagare mu, don mai shi ba ya gari, kuma mutanen layin da ke bayanmu nan suke zubarwa. Ranar Asabar za mu je wurin mai unguwarsu, ni da ɗaya daga cikin masu kurar.