Godiya daga garejinmu bayan an sallamo yaronmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar aka sallamo yaronmu daga asibiti a Sakkwato, kuma likita ya tabbatar mana idon yana gani. Ga wanda bai ji ba, wani ɗan ƙarfe ne ya fyalle daga injin wata mota Golf 3 da ake gyarawa a garejinmu ya same shi a ido. Gajiya ta hana ni bin kowa gida gida, ku karɓi wannan a madadin zuwana.

Na san ba a son ambaton mai alheri a bainar jama'a, amma mai shayin bakin garejinmu sai dai ya yi haƙuri. Lokacin da kota, wato ɗan ƙarfen da ke kulle hular sifirin a jikin bawul, ta fyalle daga kan sifirin ta sami yaron a ido, kowa ya ruɗe, wani na cewa a zuba ruwa, wani na cewa a hura. Shi ne ya riƙe hannuwan yaron ya hana shi murzawa, ya yanke gindin kofin roba mai tsabta ya kifa a kan idon ba tare da ya danna ba, ya ɗaure da ƙyalle. Da shi muka bi hanyar Argungu, yana riƙe da kan yaron yana ta salati har muka isa. Likita ya ce da an murza idon nan da labari ya sha bamban. Allah Ya kare maka idanun 'ya'yanka, Ya haskaka kabarin iyayenka, Ya sa ka ga Annabi da idon rahama.

Sai Baba na Jega, wanda a hannunsa ogogin da yawa a Birnin Kebbi suka koyi riƙe sifana. Ya ji an bar Golf 3 ɗin mutane a buɗe, ya shigo mota ya zo, ya ƙarasa aikin bai karɓi ko kuɗin mota ba. Ya ce godiyar da yake so ita ce a rubuta wa yara yadda ake aikin, to ga shi.

Motar an sa mata kamshaf (sandar da ke tura bawul ya buɗe, ana ce mata kam) mai tsayin ɗagawa a wani wuri, aka bar mata sifirin bawul na kamfani. Idan inji yana juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Idan sifirin ba shi da ƙarfin mayar da shi a kan lokaci, sai bawul ya daina bin kam, ya riƙa tsalle a mazauninsa. Alamarsa mota ta ja da kyau, tana kai sama sai ƙarfi ya yanke, salansa ta fara tari. In aka ci gaba da matsa mata, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi.

Baba bai taɓa sabon sifirin ba sai da ya yi awo. Ana auna tsayin da sifirin zai zauna, daga mazauninsa a top silinda, wato kan injin, zuwa ƙarƙashin hular da ke riƙe shi. A cire tsayin ɗagawar kam, a cire tsayin sifirin idan an matse shi har zobbansa sun haɗe. Abin da ya rage kada ya gaza milimita 1.5. Misali 34 a cire 11.5 a cire 20.5, saura 2, wannan ya wuce. In ya gaza, zobban suna iya haɗewa kafin kam ya gama ɗagawa, sifirin ya zama dunƙulen ƙarfe, daga nan ko ya karye ko ya cinye kam. Haka tsakanin gindin hula da kan bawul sil, wato robar da ke tare mai a wuyan bawul, a bar aƙalla 1.5 idan bawul ya buɗe duka, in ba haka ba hular za ta murƙushe sil ɗin, mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Kowane bawul cikin 8 ɗin awonsa daban, wanda ya yi tsawo a sa masa wasa, wato siririn zoben ƙarfe, a ƙasa. Ni dai ban yarda da mai cewa mafi tauri shi ya fi ba. Sifirin da ya wuce abin da kamfanin da ya ƙera kam ɗin ya rubuta yana cin hancin kam, yana durƙusar da tafet masu aiki da mai, waɗanda ke tsakanin kam da bawul.

Tun da ba a sauke top silinda ba, ya kai fistin sama, ya kulle inji kada ya juya, ya ba da iska mai matsin bar 6 ta ramin fulogi don ta tallafe bawul. Inda babu kwamfuresa ana cusa igiyar leda ta ramin, a juya inji da hannu har fistin ya matse ta. Abin matse sifirin dole ya zama mai ɗaurewa da noti a jikin top silinda, a ɗan ƙwanƙwasa hular tukuna don kota ta saki, a ɗauke ta da maganaɗisu, ba da yatsa ba. Sifirin mai ƙarfi irin wannan idan an danne shi yana riƙe da nauyin da ya kai na buhun gero, ita kuwa kota 'yar mitsitsiya ce. Tabarau na kariya a fuskar duk wanda ke tsaye a wurin, har mai riƙe tocila. Wajen mayarwa a shafa wa kota giris ta manne, a toshe ramukan mai da tsumma. Murafun kam a ɗaure su kaɗan kaɗan ana canza ɓangare har 20 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a juya inji da hannu zagaye 2 a ji ko akwai inda ya cije, a jira minti 30 tafet su zauna kafin a ba da wuta.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya sa wannan ilimi ya bi shi har kabari. Ƙungiyarmu ta makanikai da ta yi karo-karo, masu walda, masu faci, matan unguwa da suka ɗauke wa mahaifiyar yaron girki, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna, Ya raba ku da ganin irin wannan rana. Akwai dangin yaron na jini da ke nan cikin gari, ko waya ba mu samu ba. Muna yi musu uzuri, wataƙila labarin bai kai gare su ba.

Alhaji mai Golf, mun gode da haƙurinka. An tayar da ita inji yana juyi tsakanin 1,500 da 2,000 a minti har ta ɗauki zafi, an kashe ta ta huce sarai, don sabon sifirin yana buƙatar hakan kafin a matsa masa. Ka zo ka ɗauka ranar Asabar, ranar za mu buɗe. Masu motoci a layi za mu bi ku yadda kuka zo, sai dai Talata ba ma nan, za mu mayar da yaron ganin likita.