Inda na kwana da RAM ɗin kwamfutar gem: cika daban, gudu daban

'Yan'uwa masu koyon haɗa kwamfuta, ga inda aiki ya kai. Kwamfutata tana da firosesa Ryzen 5 5600, madabod (babban allon da komai ke hawa kansa) mai B550, da sandunan RAM (ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi) biyu na DDR4, kowace 8GB, an rubuta 3600 da CL18 a jikin kwalinsu, wato lambar gudunsu da ta jinkirinsu wajen amsawa. Abu biyu ne suka zaunar da ni a gabanta. Task Manager, manhajar Windows mai bayyana aikin na'ura, yana nuna RAM ta cika kusan kashi 80 cikin 100 alhali ko gem ban buɗe ba, sannan a wannan shafin dai, wurin da aka rubuta gudu yana nuna 2133 maimakon 3600. Da yake shafi ɗaya suke fitowa, sai mutum ya ɗauka ciwo ɗaya ne. Ko kusa. Girman tanki daban, faɗin bututu daban. Ƙara wa RAM gudu ba ya rage abin da ke cikinta ko da megabayit ɗaya, kwashe abin da ke cikinta kuma ba ya ƙara mata sauri. Sai na raba su, na fara da cikar.

In ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance, ka zaɓi Memory, kada idonka ya tsaya a kan kason nan kaɗai. Akwai lambobi a ƙasa da suka fi shi faɗin gaskiya. Wanda aka rubuta Cached shi ne ya fi tsorata sababbin shiga, alhali yawancinsa ba matsala ba ne. Windows ce ke ajiye abubuwan da ka taɓa buɗewa don su yi saurin dawowa, kuma da zarar gem ya nemi wuri za ta sakar masa. Mafi yawansa ma yana cikin lissafin Available. Committed shi ne abin lura. Lamba biyu ne: ta farko alƙawarin wurin da Windows ta ɗauka wa manhajoji, ta biyu iyakar abin da za ta iya cikawa, wato RAM haɗe da fayil ɗin pagefile da ke kan faifai. In ta farko ta kusa cimma ta biyu, gem na iya rufe kansa ba sallama. Shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa a kashe pagefile don wai a ƙara sauri. Rage iyakar kawai ake yi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na tattara abin da manhajojin da ke shafin Processes suke ci, bai kai rabin abin da aka ce yana aiki ba. Ina sauran ya shiga? Amsar tana wurin da aka rubuta Non-paged pool. Wannan yanki ne na zuciyar Windows da direbobi (manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta), ba a iya tura shi kan faifai, kuma a kwamfuta mai lafiya 'yan ɗaruruwan megabayit ne. Nawa ya haura gigabayit huɗu, yana kuma ƙaruwa duk lokacin da nake sauke babban fayil. Wannan alama ce ta yoyo: wani direba yana karɓar wuri, ba ya mayarwa.

Na tabbatar da RAMMap, ƙaramar manhaja ta kyauta daga Sysinternals na Microsoft, wadda ke rarraba RAM gida-gida. Gano mai laifin kuwa sai da PoolMon, wanda ke zuwa cikin kayan aikin masu rubuta direbobin Windows. Yana jera alamomi masu haruffa huɗu, kowace da yawan wurin da ta riƙe. Ka ɗauki wadda ta fi kumbura, ka neme ta da umarnin findstr a cikin jakar drivers da ke System32, sai sunan fayil ya fito. Nawa ya kai ni ga wata manhajar da ke cewa tana ba gem fifiko a intanet. Na cire ta, na bar direban katin sadarwa zalla, yoyon ya tsaya.

Ga wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Kashe kwamfuta da Shut down ba ya wanke wannan yanki in Fast Startup, saitin da ke sa Windows saurin tashi, yana kunne, domin Windows tana adana zuciyarta a faifai ne ta dawo da ita yadda take, har da yoyon. Restart ne ke farawa daga tushe. Wanda ya ce maka kullum yana kashe kwamfutarsa amma RAM ba ta sauka, tambaye shi wanne yake dannawa.

Ragowar aikin cikar ba shi da wani sirri. Na shiga jerin manhajojin da ke tashi tare da Windows na kashe waɗanda ba na buƙata nan take: shagunan gem, manhajar fitilun ado, da makamantansu. Burauza mai shafuka barkatai a rufe ta kafin wasa. Manhajojin da ake tallatawa wai suna share RAM kuwa, ban ga amfaninsu ba; korar abin da ke ciki suke yi zuwa faifai, anjima a sake ɗauko shi, gem ya yi ta sarƙewa.

Sai batun gudu. Ba a cuce ka ba don ka ga 2133. Kowace sanda tana da ɗan guntun ma'aji da ke ɗauke da saitunanta, kuma madabod yana farawa ne da saitin JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar RAM, don a tabbata na'ura ta tashi. A DDR4 yawanci 2133 ne ko 2400 ko 2666 a kan bolt 1.2, a DDR5 galibi 4800 a kan bolt 1.1. Lambar da ke jikin kwali tana cikin wani saiti na biyu da Intel ta ƙirƙira, XMP, kuma sai ka shiga BIOS, wato shafin saitunan madabod, ka kunna shi da hannunka. A madabod na AMD sunan kan canza: ASUS na kiransa DOCP, MSI na cewa A-XMP. Masu DDR5 a kan madabod na AMD mai gurbin firosesa AM5 za su ga EXPO, wanda AMD ta fitar a 2022. Da na kunna XMP ɗin, gudu ya koma 3600, wuta ta tashi zuwa bolt 1.35, kamar yadda aka rubuta a jikin sandar.

Kafin nan na leƙa gurabun da ake sa sandunan RAM a madabod. In madabod yana da huɗu kana da sanda biyu, yawanci na biyu da na huɗu daga firosesa ake so, waɗanda ake kira A2 da B2. In ka jera su a na ɗaya da na biyu, ko a na uku da na huɗu, layi ɗaya za su bi maimakon biyu, ka yi asarar kusan rabin faɗin hanyar. Littafin madabod ɗinka shi ne alƙali a nan.

In ka duba gudun da CPU-Z, manhajar da ke bayyana kayan cikin kwamfuta, zai nuna maka kusan 1800, kada gabanka ya faɗi. DDR tana aika bayanai sau biyu a kowane bugu, 1800 sau biyu shi ne 3600. A Ryzen 3000 da 5000 wannan 1800 ɗin yana da wani muhimmanci, domin ana so agogon Infinity Fabric, hanyar da ke haɗa sassan cikin firosesa, wanda BIOS ke kira FCLK, ya yi daidai da shi ɗaya da ɗaya. In suka rabu, jinkiri yana ƙaruwa, har ka ga RAM mai babbar lamba ta kasa wadda ba ta kai ta ba.

Tashin Windows ba shaidar lafiya ba ce. Gudun RAM da AMD ta lamunce wa Ryzen 5 5600 shi ne 3200, duk abin da ya haura haka tura shi aka yi. Na sa MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, a filashi na bar shi ya kwana yana zagaye, kuma a wannan gwaji kuskure ɗaya tak ya isa a ce saitin bai zauna ba. Ya fito fes. Na kuma duba Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakurai, ko akwai gargaɗin WHEA na matsalar kayan na'ura, wanda kan bayyana in FCLK ya fi ƙarfin firosesa. Babu. Wanda nasa ya ƙi tashi bayan kunna XMP, ya goge CMOS don saitunan BIOS su koma na asali, ya sabunta BIOS, in ya ci gaba da gardama ya sauko 3200.

A cikin gem, abin da na fi ji shi ne raguwar sarƙewar nan ta ɗan lokaci in an shiga wuri mai cunkoso; matsakaicin adadin firem, wato hotunan da gem ke nunawa a sakan, bai motsa sosai ba. Abin da ke gabana yanzu shi ne matse CL daga 18 zuwa 16. Lissafin jinkirin mai sauƙi ne: CL sau 2000, a raba da gudu. CL18 a 3600 yana ba da nanosakan 10, daidai da CL16 a 3200, shi kuwa CL16 a 3600 zai sauko kusan 8.9. Saiti ɗaya zan riƙa taɓawa, in rubuta tsohuwar lambar a takarda, in sake gwajin dare kafin in taɓa na gaba.