Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Inji Ya Zama Mai Gangarmu

Makon jiya mun tsaya a inda mai gangarmu ya tattara sandunansa ya koma garinsu, ya bar ni da Dogo, mai jitar bas (jita mai kaurin murya), muna kallon-kallo a garejin da muke haya a Digbeth. Farkon 1990 ke nan, tsakiyar hunturun Birmingham, sanyin da sai ka hura wa yatsu iska kafin su yarda su taɓa tsirkiya.

Mako uku muna cigiya. Muka manna takarda a shagunan sayar da faifai, mutum biyu suka zo gwaji. Na farko gudu yake so kamar an biyo shi. Na biyu kuwa da ya ji abin da muke kaɗawa sai ya tambaya ko lasifikarmu ce ta lalace. Bayan tafiyarsa Dogo ya ce, "Mu daina wahalar da kanmu. Godflesh ma ba su da mai ganga."

Gaskiya ya faɗa. Tun 1988 da Justin Broadrick da G. C. Green suka kafa ƙungiyar kiɗa ta Godflesh a garin nan, inji ne yake yi musu ganga, kuma duk wanda ke harkar ya san wane iri ne: Alesis HR-16. Ni dai raina bai so ba. A ganina kiɗa sai da hannu da gumi. Amma wanda ya rasa tuwo ba ya raina ɗumame. Muka haɗa albashina na mako biyu na aikin dare a wata masana'antar ƙarfe da abin da Dogo ya samu bayan ya sayar da kekensa, muka sayo irin injin na hannu.

Wani ɗan akwati ne ruwan toka, bai kai faranti babba ba, da sauti 49 a cikinsa. Daren farko muka zauna a ƙasa, muka sassauto muryar gangunan har suka daina kama da ganga, suka koma kamar ana sauke guduma a kan tanki. Ni ma na sassauta tsirkiyoyina. Wannan dabara a Birmingham gado ce. A wurin aikinmu babu sabon ma'aikacin da ba a ba shi labarin Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar kiɗa ta Black Sabbath, wanda inji ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17 a wata masana'antar ƙarfe, ya yi musu hula da robar kwalba, daga baya ya sassauta tsirkiya don ta rage masa zafi. Su suna ba da labarin ne don ka kula da hannunka. Ni kuwa wani darasin na ɗauka.

Abin da ban sani ba shi ne mai ganga na mutum rufin asiri ne. In ka makara ya jira ka, in ka yi gaggawa ya biyo ka, ba wanda ya ji. Inji ba ruwansa. Ka yi kuskure, ya wuce ya bar ka tsirara. Kwana goma ina danne tsirkiya da gefen tafin hannu ina dukan sauti ɗaya, har fatar wurin ta saɓule, ina jin haushin akwatin nan kamar kishiya.

Ran na goma sha ɗaya Dogo ya fita sayo shayi, ya bar shi yana bugawa. Ina zaune na jingina da bango, sai na ji bugun yana shigowa ta bayana, ba ta kunne ba. Nan take na ga kaina ina ɗan shekara takwas a Kakuri, Kaduna, riƙe da kwanon abincin Baba a ƙofar masaƙa. Haka injinan saƙa suke, ta ƙasa suke zuwa, su hau ƙafarka kafin ka ji su. In an tashi aiki, Baba da abokansa sukan fito suna magana da ƙarfi kamar masu faɗa, alhali gaisawa suke. Ashe na san wannan kiɗan tun kafin in san jita. Da Dogo ya dawo na ce ya kunna daga farko. Ban sake makara ba.

Kawu, wanda nake zaune a gidansa a Small Heath, ya gano zancen ne ta hannuna da ya gani a naɗe.

"Kai yanzu duk karatun da aka turo ka, roƙo ka koma?"

"Kawu, ba roƙo ba ne. Ba ma yi wa kowa kirari."

"To wa ke ba ku kuɗi?"

"Babu kowa, Kawu."

Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe maroƙi ma ya fi ku wayo."

Wasanmu na farko da injin a saman wata mashaya aka yi, ni da kwalbar lemona a gefen lasifika. Na ƙirga mutum 23, har da mai sayar da tikiti. Muna tsakiyar kiɗa na uku wani ya taka waya, inji ya ɗauke ɗif. Da mutum ne da ya yi murmushi ya ci gaba. Na rasa abin yi, sai na juya jitar na manna ta da lasifika, ta yi ta kuka har Dogo ya rarrafa ya mayar da filogi. Mutane suka ɗauka da gangan muka yi, suka hau tafi. Mai wurin kuma da ya yi alkawarin fam 30, fam 10 ya miƙo, wai mun kori masu shansa na ƙasa.

Muna sauko da kaya wani siriri mai jakar goyo ya tare ni a matakala. Ya ce yana buga 'yar mujalla da injin fotokofi, yana kuma musayar kaset ta gidan waya da mutane a Holan da Amurka. Yana son namu. Na ce masa, "Ba damuwa, ran Juma'a." Ba mu da kaset ko ɗaya, ba mu da na'urar ɗauka, kuma ranar Talata ce.

Mu haɗu mako mai zuwa.