Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Silimar da muka kalla da kunne

Makon jiya na tsaya a shigata firamare. Yau zan ɗan ratse, domin wanda ya tashi a cikin birnin Kano a shekarun 1970 labarinsa bai cika ba sai ya taɓo rediyo da silima.

A gidanmu ba a zancen silima. Baba, Allah ya jiƙansa, yana saurayi gobara ta tashi a silimar El Duniya a 1951, mutum sama da 300 suka rasu, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa abin bai bar ransa ba. Ba shi kaɗai ba ne. A unguwarmu in aka ce wane ɗan silima ne, to ko aure ya je nema sai iyayen yarinya sun yi dogon bincike.

Yayanmu babba da ke koyon ɗinki a Fagge shi ne mai satar jiki ya tafi Plaza, wani lokaci Orion ta Ƙofar Wambai. Silimun ba su da rufi, sai duhu ya yi ake haska fim, don haka kafin ya dawo an kulle gida. Ni ke zare masa sakata a hankali. Ladana kuwa labari.

Washegari bayan sallar isha'i mukan kewaye shi a soro, fitilar ƙwai a tsakiya. Yaya ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma zai kawo maka fim tun daga rabuwar 'yan'uwa suna yara har ranar da suka gane juna a gaban tsohuwarsu. Ya miƙe ya yi tafiyar Amitabh Bachchan, ya naɗe hannun riga ya zama Dharmendra, wanda mutanen Kano suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, ya ja mayafin Inna ya kare rabin fuska ya ce ga Hema Malini. In bos ya ritsa ekta, ƙanwata takan riƙe masa riga ta ce, "Yaya, kashe shi zai yi?" Sai ya ce, "Ke, ekta ba ya mutuwa, bari dai ki ji." Da na girma na kalli wasu finafinan da idona, kuma wallahi na Yaya sun fi daɗi.

Rediyo kam halal ce, Baba da kansa ke murɗa ta. Tana cikin rigar fata, eriyarta an ɗaure da zare, batir in ya yi sanyi mu shanya shi a rana. Ba mai taɓa ta sai shi. Ya ji labaran BBC, ya koma Rediyon Kaduna, in aka sako Shata ya riƙa kaɗa ƙafa yana yi kamar ba ya ji. Lokacin Zaɓi Sonka Inna kan bar tankaɗe ta matso, ko Allah zai sa a karanto katin wani da ta sani, daga Gusau ko Kumasi.

Amma wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama shi ne mai tara gidan gaba ɗaya. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ke fitowa a Samanja, ya yi soja da gaske, shi ya sa Hausarsa ta bariki, da tsawar da yake daka wa kurata, ba kwaikwayo ba ne kawai. Ba ka ganin kowa, amma kana jin takun takalmi ka san Samanja ya fusata. Nan ne kaɗai nake ganin Baba yana dariya har hularsa ta zame. Da Pategi ya rasu a 2023 na ji kamar an yi mini mutuwa a dangi. Waɗannan mutane da murya kawai suka yi aikin da yau ake kasa yi da kyamara uku.

A rediyon nan muka ji kisan Janar Murtala ranar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976. Baba ya kashe ta, ya yi salati, ya ce da Inna kada a ɗora tukunyar rana tukuna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda maƙwabcinmu ya sayo talabijin bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa tashar CTV 67, da hukuncin da Baba ya yanke kan zuwanmu kallo.